Karin kumallo a gida: yadda ake gama rabin aikin tun da dare

A Maraɗi, gidan da ke da mutum shida, in kowa ya karɓi dala 40 (dala ɗaya sefa 5 ce) da safe ya nufi mai koko, mai ƙosai ko teburin mai shayi, an kashe dala 240 kafin ƙarfe takwas. Jika 36, wato sefa dubu 36, ke nan a wata, ba a ma sa ranar da maigida ya ce a fasa masa ƙwai biyu a shafa masa mayonez a burodi ba. Babu wanda ke musun cewa girkin gida ya fi araha. Abin da ke tura mutane bakin titi shi ne ƙurewar lokaci: yara za su makaranta, maigida zai buɗe shago a babbar kasuwa, ita kuma uwargida ba ta ko hura wuta ba. Maganin abin shi ne a raba aikin gida uku, na mako, na dare da na safe, yadda abin da zai rage bayan sallar asuba ba zai wuce minti 20 ba.

Duk inda muka ce kofi a nan, muna nufin wanda huɗu ke cika lita ɗaya. Tiyar hatsi kuwa tana kai kilo biyu da rabi ko kusa da haka.

Gasara da koko

Tiya ɗaya ta hatsi tana ba gidan mutum shida koko na safiya biyar zuwa shida. Ki raba kuɗin tiya a yau da shida, ki ƙara na markaɗe da na sukari, ki gwada da abin da kike ba mai koko a safiya guda.

Ba sai an surfe hatsin koko ba. A tsince shi, a wanke, a rege sau biyu don tsakuwa da yashi, sannan a jiƙa shi da ruwan da ya haura shi da faɗin tafin hannu. Da sanyi ya kwana a ruwa, awa 10 zuwa 12. Da zafi, daga Maris zuwa Mayu, awa 6 zuwa 8 sun isa, don in ya wuce haka ruwan zai yi yauƙi, ya fara wari, kuma warin ba ya fita ko bayan an dama. A zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye, a zuba busasshiyar citta cokali uku, kanumfari cokali ɗaya, kimba sili biyu da tonka kaɗan in babu ƙananan yara, a kai inji. A gaya wa mai inji ya maimaita markaɗen in bai yi laushi ba, saboda markaɗe mai tsaki-tsaki yana barin rabin gasarar a cikin dusa.

A tace da ƙyallen tata mai tsabta, ana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har abin da ya rage a ƙyallen ya daina fitar da farin ruwa. Dusar ta awaki ce ko kaji, ba ta bola ba. A rufe bokitin a bar shi ya kwana. Da safe gasara ta kwanta a ƙasa, ruwan tsami yana sama. A tsiyaye, a ajiye ɗan ruwan tsamin a kwalba don mai son kokonsa da kaifi.

Wurin ajiya ne mata da yawa ke asara. Gidan da ke da firigo ya matse gasarar a ƙyalle, ya yanka ta curi-curi daidai damun kwana ɗaya. Gidan da babu, ko inda wuta ba ta da tabbas, hanya biyu ce. Ko a bar ta a bokiti da ruwa a kanta, a riƙa canza ruwan kowace safiya (da zafi safe da yamma), ko kuma a matse ta sosai, a marmasa ta siriri a kan tire, a rufe da ƙyalle mai shara-shara a shanya. Da rani kwana ɗaya zuwa biyu ta bushe ƙarau. Busasshiyar gasara tana yin makonni a roba mai murfi. Da damina kada a dogara da shanya, tana yin fumfuna kafin ta bushe.

Damun mutum shida: gasara mai kauri kofi biyu, a kwaɓa ta da ruwan sanyi kofi ɗaya har ta yi sumul ba gudaji. Ruwa lita biyu ya tafasa har yana tsalle. A sauke a juye shi a kan kwaɓin lokaci guda, ana juyawa da ludayi, sannan a rufe minti biyu. In koko ya tsinke, dalili bai wuce uku ba: ruwan bai tafasa da gaske ba, an cika ruwan sanyi a kwaɓin, ko kwanon ƙarfe mai sanyi ya shanye zafin, abin da ya fi faruwa a watan Disamba da Janairu. Ba a zubarwa. A mayar da shi tukunya a kan wuta kaɗan, ana juyawa minti biyu zuwa uku, zai kama jikinsa. Gudaji kuwa daga kwaɓi mara kyau suke zuwa, ko daga tsiyaya ruwan zafin a hankali.

Sai dai a san cewa koko shi kaɗai ruwa ne da sitaci. Yaron da ya sha shi tsura, kafin ƙarfe goma yunwa ta dawo. Dole a haɗa shi da abin da ke gina jiki: ƙosai, alala, dafaffen ƙwai, nono, ko aƙalla cokali guda na markaɗaɗɗiyar gujiya a kowane kofi.

Garin kunu na wata guda

In za a zaɓi abu ɗaya daga duk wannan bayani, to wannan ne, don yini ɗaya ake wahalarsa a ci moriyarsa mako uku zuwa huɗu. Awon shi ne hatsi 6, waken suya 2, gujiya 1, da duk mazubin da aka ga dama, muddin shi ɗin aka yi amfani da shi duka. Hatsi yana da abin gina jiki wajen kashi 11 cikin ɗari, waken suya ya haura kashi 35, kuma abin da hatsi ya rasa wake yana cike shi. Shi ya sa haɗin ya fi kowannensu shi kaɗai.

Kowanne daban ake soya shi a busasshen kasko, ba mai. Hatsi a wanke, a rege, a shanya ya bushe, a soya minti 10 zuwa 15 a wuta matsakaiciya har ƙamshi ya tashi. Waken suya ya fi buƙatar kulawa, domin ɗanyensa yana da ƙarni kuma yana ɗauke da sinadarin da ke hana ciki narkar da abinci yadda ya kamata, zafi ne ke kashe shi. A tafasa shi minti 20, a tsane, a shanya ya bushe sarai, a soya har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana fashewa a haƙori, sannan a ɓarza a turmi a sheƙe ɓawon. Gujiya a soya, a murje, a fece. Kafin suyar a zauna a tsince ta da idon basira: duk ƙwayar da ta yamutse, ta canza launi ko take da ɗaci a jefar. Irin waɗannan ne ke ɗauke da gubar afalatoksin mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

A gauraya ukun tun a gida kafin a kai niƙa. Gujiya ita kaɗai a inji tunkuza take zama, ta liƙe, amma cikin hatsi tana wucewa lafiya. A tambayi mai inji abin da ya niƙa kafin naki, don garin kunun jariri da ya bi bayan tonka ya tashi aiki. Garin yana fitowa da zafi. Kada a rufe shi a haka, zai yi gumi ya dunƙule. A baza shi a tire ya huce, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi, a ajiye nesa da rana. Kada a zuba sukari a ciki. In ya haura wata guda man gujiyar yana juyawa, a ji maƙaƙi a maƙogwaro, don haka kada a yi fiye da abin da gida zai cinye.

Wannan kunun dafa shi ake yi, ba damu da ruwan zafi kawai ba. Gari kofi ɗaya a kwaɓa da ruwan sanyi kofi ɗaya, a zuba cikin ruwa kofi uku da ke tafasa, a rage wuta, ana juyawa minti 8 zuwa 10. Wannan ya ishi manya biyu da yaro. A ƙara jiƙaƙƙiyar tsamiya ko a matsa lemun tsami bayan an sauke. Tsamin yana gyara ɗanɗano, bitamin C na lemun kuma yana taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Ga yaron da ya wuce wata shida, kunun ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube da sauri ba. Cikinsa ƙarami ne, tsararon kunu ruwa kawai yake cika masa. Wanda bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai, zuma kuma sai ya shekara.

Wake: ƙosai, alala da dafaffe

Abin da ke cin lokaci a ƙosai shi ne cire ɓawo. A yi shi sau ɗaya a mako: a kai busasshen wake inji a ɓarza shi, a sheƙe ɓawon a faifai, a ajiye. Ɓarzajjen wake awa ɗaya zuwa biyu kawai yake so a ruwa, sauran ɓawon ya taso a tsame. Waken da ya kwana a ruwa yana shan ruwa fiye da kima, ƙosansa kuma ya sha mai.

Rabin kilo, wato kofi biyu da rabi, yana ba da ƙosai matsakaita wajen 30. A markaɗa da albasa babba ɗaya da attarugu biyu, da ruwa kaɗan ƙwarai, iya wanda zai sa inji ya juya. Sai bugu, wanda shi ne sirrin. A buga ƙullun da muciya minti 5 zuwa 10 har ya yi fari ya taso. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya yi iyo a sama ya bugu, in ya nutse a ci gaba. Gishiri sai man ya yi zafi za a fara suya, domin in ya daɗe a ƙullun yana kwantar da shi. Man ya yi zurfin da ƙosai zai taso, a gwada shi da ɗigon ƙullu, ya taso nan take yana kumfa. Minti biyu zuwa uku kowane gefe. Ƙosan da ya sha mai, ko man bai yi zafi ba ne, ko an cika kaskon da yawa ya huce. Wanda ya watse a mai, ƙullun ya yi ruwa, a ƙara ɗan garin wake. Wanda ya yi baƙi a waje cikinsa ɗanye, wuta ta yi yawa. A tace man bayan suya. Ranar da ya yi duhu, yake kumfa ko hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki.

A nan za mu faɗi gaskiya ko da ta saɓa wa taken rubutun. Gidan mutum biyu, ko gwauron da ke fita da kabu-kabu tun da duhu, soya ƙosai a gida ba riba ba ce. Kuɗin man da zai cika kasko da na markaɗe ya fi na ƙosan da za su ci. Su dama kunu a gida, su sayi ƙosai wurin maƙwabciyar da suka yarda da tsabtarta da manta. Suyar gida tana biyan kanta ne daga mutum biyar zuwa sama.

Alala ta fi ƙosai sauƙin mai. Ƙullun rabin kilo na wake, a sa tattasai uku da albasa a markaɗen, mai cokali shida, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ruwan ɗumi kofi biyu, ya zama yana zuba daga ludayi ba tare da ya tsinke ba. A shafa mai a gwangwanaye, a cika su kashi uku cikin huɗu don tana tashi. A jera karare a gindin tukunya, ruwa ya tsaya ƙasa da bakin gwangwanayen, a rufe sosai, minti 40 zuwa 45. In an soka tsinke ya fito ba ƙullu ta nuna. Gwangwani ya fi ƙulla ta a leda. Ƙullun wake ba ya kwana a waje da zafi, kafin asuba ya yi tsami ya kumbura. Ko firigo, ko markaɗen safe.

Mafi araha duka shi ne dafaffen wake. A jiƙa kofi biyu da dare, a zubar da ruwan da safe, a ɗora da sabon ruwa. Jiƙaƙƙe yana nuna cikin minti 30 zuwa 40, kuma ya fi sauƙi a ciki. Kanwa tana gaggauta dahuwa, amma yawanta yana lalata bitamin B na waken, yana kuma ɓata wa wasu ciki, don haka in dole ne ɗan ƙanƙanin gutsure ya isa. A ci da mai cokali guda, yaji, ɗanyar albasa ƴar Galmi da ɗan garin rogo ko dafaffen dankali.

Ɗumame, zogale da nono

Ɗumamen tuwo karin kumallo ne cikakke, amma a bi shi da hankali. Bayan an gama cin dare a tafasa miyar, a rufe, kada cokali ko hannu ya sake shiga. Da safe a sake tafasa ta aƙalla minti biyar. Tuwon a yanka shi ƙanana a turara ko a jefa cikin tafasasshen ruwa minti goma, zafi ya ratsa har tsakiya. Ɗumi-ɗumi a sama, sanyi a ciki, shi ne ke kawo gudawa. Wannan dabarar rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya, kuma a watannin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, miyar da ta yi kumfa ko ta canza wari a zubar. Dafaffiyar shinkafa da ta kwana a waje ta fi tuwo haɗari, domin ƙwayar cutar da ke hayayyafa cikinta tana barin gubar da ɗumamawa ba ta kashewa.

Zogale ba ya yankewa a garin nan, albarkacin gonakin Jiratawa da lambunan bakin gulbi. A zage ganyen da dare, a wanke. Da safe minti 10 zuwa 15 a tafasasshen ruwa, a tsane, a matse. Kofi huɗu na dafaffen ganye suna son dakakken ƙuli-ƙuli kofi ɗaya, albasa, tumatir, mai cokali biyu da lemun tsami. Ƙuli-ƙulin yana da gishirinsa, a ɗanɗana kafin a ƙara. Haka ma dunƙulen ɗanɗano, kusan rabinsa gishiri ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokali guda ke nan, har da na rana da na dare.

Nono kuwa ana iya yin sa a gida. Ɗanyar madarar shanu ko ta jar akuya a tafasa ta tukuna, saboda cututtukan da ke bin madara daga dabba. A bar ta ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure daƙiƙa goma a ciki, a zuba tsohon nono mai kyau cokali biyu a kowace lita, a rufe a naɗe da zane, awa 6 zuwa 8. In an zuba irin tana da zafi sosai ba za ta kama ba. In ta wuce lokaci ta tsinke ta yi tsami. Da madarar gari ma haka ake yi, kofi ɗaya a ruwan ɗumi kofi uku.

Ƙwai minti goma ne a tafasasshen ruwa. Da damina ƙwan zabi yana yawa, yana araha. Kafin dafawa a sa shi a ruwa, wanda ya taso sama a jefar.

Shayi da burodi ba haramun ba ne, matsalar awo ce. Kofin mai shayi yakan haɗa madarar gwangwani mai zaƙi da ƙarin sukari a kai. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba ita ce wajen giram 50 a yini, ƙananan cokula 12, ta kuma ce rabin haka ya fi. A gida a tsaya a cokali ɗaya ko biyu a kofi, a rage a hankali cikin makonni don yara kada su yi bore. Burodin a cika shi da wake ko ƙwai maimakon mayonez. Mai ciki da mai ƙarancin jini su jinkirta shayi awa guda bayan abinci, don yana tare sinadarin ƙarfe.

Wuta da sayayya

Ko gidan da ke girki da itace, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 ta cancanci a ware ta don safiya kawai, saboda hura itace shi ke cinye minti 20 ɗin. Ruwan da aka tafasa da dare aka zuba a tarmos yana sake tafasa cikin ƴan mintuna, amma kada a dama koko da shi kai tsaye, zafinsa ya ragu, zai tsinke. Da hunturu kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Hatsi, wake da gujiya sun fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, musamman a kasuwannin ƙauye irin na Tibiri, Cadawa da Gidan Rumji, farashin kuma yana hawa yayin da damina ke matsowa. Mai hali ya sayi na watanni. Wake ne ke ba da wahala saboda ƙwari. A shanya shi ya bushe har yana ƙara a haƙori, ya huce a inuwa, sannan a zuba a buhun PICS mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban, ko a jarkar da ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba, a cika ta har wuya a toshe murfin da leda. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin, don haka buɗewa kullum yana ɓata aikin. A raba shi a ƙananan jarkoki, ana buɗe ɗaya sai ta ƙare. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa a buhu guba ce mai tashi a iska, ba ta da wuri a ɗakin da mutane ke kwana.